Tarihin Shirin Ɗari a Ƙasar Madarunfa



Kaka ta yi. An yanke gero, an ɗaure, an kai rumbu. Wake ya bushe. Da asuba in ka fita alwala, ruwan buta ya fara cizon hannu. Ka duba gabas, ka ga rana ta fito ja, kamar an yafa mata ƙyalle. Ka san alamar: ɗari yana bakin ƙofa.

Kowace shekara haka yake zuwa, bai taɓa fashi ba. Amma kowace shekara yana iske wasu gidaje ba shiri. Danga ta faɗi, bango ya tsage, jinka ta huje, ba itace, yara ba mayafi. Sai tari ya shiga gida, ko wuta ta tashi cikin dare.

Yau za mu koma baya. Za mu ga yadda kakanninmu na ƙasar Madarunfa suke tarbar ɗari, da abin da ya sake daga zamaninsu zuwa namu, da dalilin sakewar. Wanda ya san inda kayan gidansa suke fitowa, shi ya san inda zai neme su ranar da suka yi wuya.

Daga ina ɗari yake zuwa?

Da damina iska tana busowa daga kudu maso yamma, daga teku, ɗauke da ruwa. In watan Oktoba ya ƙare sai ta janye. Wata iska ta maye gurbinta, daga arewa maso gabas, daga hamada. Wannan ba ta da laima ko kaɗan. Ita ce iskar hunturu. Tana kaɗawa tun Nuwamba har Fabrairu.

Hazon da kake gani ƙura ce. Da yawanta daga arewacin ƙasar Cadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele. A can da, babban tabki ne a wurin. Ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska ta kwaso ta, ta bi da ita ta kanmu, ta wuce Najeriya, har wata ta ƙetare teku ta sauka Amurka ta Kudu.

Me ya sa dare ya fi sanyi? Don sama ba girgije, iska ba laima. Zafin da ƙasa ta sha da rana, da dare sai ya tashi sama, ba abin da zai tare shi. A Maraɗi, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan kai 30 da rana, amma da asuba ya sauko wajen 12 ko 13. Mu na bakin tabki da fadamar gulbi mun fi jin shi, don iska mai sanyi nauyi gare ta, kwari take gangarawa ta kwanta.

Kada ka ɗauki sanyin ƙasashenmu wasa. A ƙarshen Disamba 1823, wasu Turawan Birtaniya biyu, Kilafaton da Likita Udni, suna kan hanya daga Kukawa ta Barno za su Kano. Kilafaton ya rubuta cewa wata safiya sun iske ruwan salkunansu ya daskare. Udni, wanda dama ƙirjinsa ba lafiya, bai kai Kano ba. Ya mutu a watan Janairu 1824, kusa da Katagum.

Gidan kakanninmu

A shekarar 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina. Gidan sarautar da ke mulki ya fita. Wajen 1819 Sarki Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, hari bai yanke ba tsakanin Maraɗi da Katsina. Ƙasarmu ta Madarunfa kuwa tana tsakaninsu.

Tsoron hari ya sa mutane suka dunƙule cikin garuruwa masu ganuwa ko kafi, yawanci kusa da gulbi. Ba mai yin nisa da gari don noma. Sai daji ya samu sarari, ya yi duhu. A watan Janairu 1851 wani Bajamushe mai suna Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina. Ya ba da labarin dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina: babba ne, ba gari cikinsa, ayari da tsoro yake ratsa shi.

Dajin zamanin nan abin tsoro ne, amma shi ne kasuwar kayan ɗari, kuma ba a biyan ko wuri. Ga yadda ake aikin.

Na fari, danga. Da an gama girbi sai a sare kara, a zaɓi dogaye masu ƙwari, a kafa dirkoki, a ɗaure. Gefen arewa da gabas aka fi ƙarfafawa, don ta nan iska take dukan gida. Mai himma ya yanko gamba, ya saƙa zana, ya ƙara bayan kara. Iska in ta bugi zana sai ƙarfinta ya karye, ƙura ta zube waje.

Na biyu, jinka. Ana yankan shibci da wuri, kafin shanu da wutar daji su riga mutum. A yanta shi, a naɗe, a baibaye ɗaki. In sabuwar jinka ce, a ƙasa ake ɗaura tsaiko, sannan a kira maƙwabta a ɗaga a aza bisa bango. Shi ya sa ake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau gidanka, gobe gidan wani. Uwar gida ta dama fura, ladan aikin ke nan.

Na uku, yaɓe. Ruwan damina yana cin bango, ya bar tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iskar ɗari ma haka. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta kwanaki ta ruɓa, sannan a yaɓa. Lokacin aikin nan gajere ne: ruwan sama ya ɗauke, amma tabkuna ba su ƙafe ba. Wanda ya yi jinkiri, sai ya ja ruwan rijiya.

Na huɗu, ƙofa. Ƙofar ɗakin da ƙarama ce, sai ka duƙa. Yawanci yamma ko kudu take kallo, ta ba hadari da hunturu baya. Da dare a saki asabari, ko a ja tufaniya.

Irin wannan ɗaki yana da sirri biyu. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, da dare ya sako shi ciki a hankali. Jinka kuwa tana riƙe ɗumi, amma hayaƙi yana samun hanyar tsiyayewa ta cikin ciyawa. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Wutar ɗaki

Tun kaka mata da ƴan mata suke shiga daji, su tara itace, su jibge shi bayan ɗaki. Maigida kuma ya jawo gungume na ƙirya ko marke, itatuwa masu ƙwari da ke ci a hankali. A sa kan gungume a wuta da magariba, har asuba da sauran garwashi. Da safe maƙwabciya ta aiko yaro ɗiban wuta a sakaina, don ashana ba ta zo ba tukuna.

Tsofaffi da masu jego suna da gadon ƙasa, mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi. Gado ya yi ɗumi har safe. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura mata da yawa suna kamuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, da haki da kumburin ƙafa. Suka danganta abin da tsananin zafin gado da yawan shan kunun kanwa. Ɗumi magani ne, gasa jiki ba magani ba ne. Mai jegon da ta fara haki ko kumburi, a kai ta likita ba da jinkiri ba.

Bakin wutar nan kuma makaranta ce. Nan kaka take yi wa jikoki tatsuniya. Nan almajirai suke karatun dare da hasken kara. Nan tsofaffi suke ba da labarin yaƙi da na yunwa. Kuma nan mata suke kaɗi.

Daga gwado zuwa gwanjo

Mayafin kakanninmu a gona yake farawa. Ana shuka auduga a fadama da bayan gida. Mata su gurje ta, su cire angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya karɓi zaren ya saƙa shi siriri-siriri, a haɗa a ɗinke, ya zama gwado mai kauri. Mai dukiya ya sayi luru, ko bargon gashin tumaki da fatake suke kawowa daga yamma. Talaka ya shimfiɗa buzu, ya ja gwado ɗaya shi da ƴaƴansa.

Saƙa ba ƙaramar sana'a ba ce a ƙasar Hausa. Bart ɗin nan, da ya isa Kano a watan Fabrairu 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take saƙawa da rinawa, waɗanda ake fitarwa waje a shekara, sun kai wuri miliyan 300. Ana kai su har Tumbutu da Tarabulus.

Da Turawa suka zo, yadin masana'anta ya cika kasuwa, ya fi na hannu araha. Masaƙa suka yi ta raguwa. Daga shekarun 1970 kuma, ƴan kasuwar Maraɗi suka riƙa shigo da dilolin gwanjo ta tashar jirgin ruwan Kwatano. Rigar sanyi, hular sanyi, safa da bargo suka kai har ƙananan kasuwanni.

An samu sauƙi, ba shakka. Yaron yau ya fi kakansa sutura. Amma ka lura da abin da ya sake. Da, mayafi daga gona da hannu yake fitowa. Yanzu daga aljihu yake fitowa. Wanda bai saya ba lokacin kaka, sa'ad da kuɗi ke hannu, zai je kasuwa cikin muku-muku ya iske kowa shi yake nema, mai kaya kuma ya ɗaga farashi.

Yadda daji ya ja baya

A 1906 Faransa da Ingila suka daidaita kan iyaka, daga baya aka kafa alamunta. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila. Hari ya ƙare. Mutane suka fito daga kafi, suka hau tudu, suka sari daji, suka kafa ƙauyuka. Da yawa cikin ƙauyukan da muke zaune yau, a wannan lokaci aka kafa su. Tambayi tsohon garinku, zai faɗa maka wanda ya fara saran wurin.

Bature yana son haraji da kuɗi. Kuɗi kuwa gyaɗa ke kawo su. Tun shekarun 1930 noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Gonaki suka yi ta faɗaɗa, saura ta yi ta raguwa.

Mutane kuma suka ƙaru. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar. Ta 2012 ta samu miliyan 17. Garin Maraɗi kaɗai ya tashi daga wajen mutum 45,000 zuwa fiye da 260,000 a tsakanin ƙidayoyin nan biyu. Kowane gida murhu gare shi. Amalanke da motoci suka riƙa jigilar itace daga dajin Baban Rafi zuwa birni.

Akwai kuma maganar doka. A 1935 Faransa ta kafa dokar daji a ƙasashen da take mulka na Afirka ta Yamma. Aka keɓe gandun daji, aka hana saran wasu itatuwa. Dokar Nijar ta 1974 ta bi sawunta. Niyyar ita ce kare daji. Amma manomi ya ga itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, in ya sare reshe sai tara. To, wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Sai ya riƙa sassabe kowane tsiro tun yana ƙarami.

Sannan fari ya zo, daga 1968 zuwa 1974. A 1975 ciwo ya kashe gyaɗa. A 1984 fari ya dawo. Itatuwa suka mutu a tsaye, waɗanda suka rage aka sare aka sayar don a ci abinci. Gamba da shibci suka yi nisa. Mata suka koma hura wuta da kara da kashin shanu. Kara ɗaya, masu nemansa uku: danga, murhu da dabba. Gona ta zauna tsirara, hunturu ya kwashe mata taki. Kayan ɗari da ake ɗiba kyauta suka zama na saye.

Yadda itace ya dawo gona

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975, zamanin Shugaba Saini Kunce, aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. A shekarar nan kuma aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An fito da murhu mai tsimin itace, na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi da na laka da ake kira Albarka. A 1992 aka yi dokar da ta ba ƙauyukan bakin daji damar kafa kasuwar itace tasu, su tsara sara, su sami rabonsu.

Amma dashe da yawa bai rayu ba, rani da awaki suka cinye. Abin da ya fi kamawa, a ƙarƙashin ƙasa yake. A 1983 wani ma'aikacin noma na mishan SIM a Maraɗi, Toni Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa ƙananan tsirrai da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwa mai zurfi. In ka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka kare su, cikin ƴan shekaru sun zama itace. Wannan shi ne sassaben zamani. Wasu manoma dama sun san dabarar, an dai bar ta ne.

Lokacin yunwar 1984 aka yaɗa aikin a ƙauyuka da dama, ana ba da abinci ladan aiki. Da abincin ya ƙare, mafi yawa suka sare itatuwan. Amma wasu suka bar nasu. Maƙwabta suka ga suna da itacen wuta, da dirka, da harawar ganye, kuma geronsu bai ragu ba. Sai aka yi ta koyi. Bayan shekara 20, masu bincike suka auna da hotunan sama, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa.

Sabara, kalgo, gawo da magarya da ke gonarka yau, su ne suka gaji dajin kakanninmu. Yanzu shirin ɗari ba da kaka yake farawa ba. Yana farawa tun ranar sassabe.

Sabon ɗaki, sabon haɗari

Gini ma ya sake. A 1945 ambaliyar gulbi ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke kwari, aka tashi aka koma tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. Shigifa da soro suka yawaita, daga birni har ƙauye. Daga baya siminti da kwano suka zo. Kwano ba ya son baibaya kowace shekara, kuma ba ya kama wuta kamar ciyawa. Amma da rana tanda ne, da dare randa. Ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan.

Ga inda haɗarin yake. Ka tuna mun ce hayaƙi yana tsiyayewa ta cikin jinka? Ɗakin kwano mai ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe ba shi da wannan hanya. Mutum ya ji sanyi, ya shigo da kaskon gawayi, ya toshe ko'ina, ya kwanta. Gawayi in yana ci inda iska ba ta isa, yana fitar da wata iska mai guba. Ba ta da wari, ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri, amai da nauyin jiki. Mai barci ba ya jin ta, sai dai da safe a buga ƙofa a ji shiru. Al'adar kakanni ce kwana da wuta, amma ɗakin ba irin nasu ba ne.

Hayaƙin itace ma yana cin ƙirjin yara, ya buɗe wa ciwon haƙarƙari ƙofa. Cunkoso cikin ɗaki rufaffe, ga ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, yana taimakon ƙyanda da sanƙarau su yaɗu. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ya kashe wajen 25,000. A 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafi a Nijar da Mali da Burkina Faso, ta karya irin da ya fi ɓarna. Amma a 2015 wani irin ya ɓulla a Nijar. Saboda haka in an yi shelar rigakafi, kada a ɓoye yaro.

Sai gobara. Da hunturu kome a bushe yake, iska kuma tana gudu. Ranar 8 ga Nuwamba 2021, wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi. Yara ƙanana fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Kakanninmu sun san halin wuta da ciyawa. Shi ya sa a ƙauyuka da yawa suke jera rumbuna bayan gari, nesa da murhu. In gida ya ƙone, abinci ya tsira.

Rumbu da garke

Mai yunwa ya fi kowa jin sanyi, don abinci shi ne itacen jiki. Tsofaffi suna riƙe da sunayen shekarun wuya: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da El Buhari ta 1984 zuwa 1985, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A 2005 ma ƙasar Maraɗi ta sha wuya, yara da yawa suka rame, har da na gundumarmu. Abin da ya karya gidaje da dama a shekarar shi ne bashi: an sayar da hatsi da araha lokacin kaka, aka dawo ana sayen shi da tsada. Kafin ka kai dami kasuwa, ƙirga na rumbu, ka ƙirga bakunan gidanka, ka ƙirga watannin da suka rage. Yanzu da ka iya rubutu da lissafi, rubuta shi a takarda. In garinku yana da bankin cimaka, ka shiga.

Dabbobi ma suna jin ɗari, musamman ƴan awaki da ƴan tumaki sabbin haihuwa. A kewaye musu garke da zana ta gefen iska. A ɗora harawar wake da ta gyaɗa bisa rumfa, inda gara da awaki ba su kai. Gawo kuwa abokin makiyayi ne: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, ƴaƴansa su faɗo lokacin da ciyawa ta ƙare.

To, bana fa?

Ɗarin da ya daskarar da salka a 1823, shi ne zai zo bana. Ɗaki ya sake, mayafi ya sake, daji ya koma gona. Ga abin da tarihin nan ya bar mana na aiki:

1. Ka gyara danga ta arewa da gabas, ka toshe tsagar bango tun tabki bai ƙafe ba.

2. In ɗakinka na kwano ne, ka yi masa rufi na tabarma ko zana daga ciki. Zai rage sanyin dare da zafin rana.

3. Ku ɗuma ɗaki da wuri, ku fitar da kasko kafin barci. Kada a toshe taga duka.

4. Ke uwar gida, ki nisanta murhu da danga da jinka. Ki kashe garwashi in kin gama. Kada a bar yara su kaɗai da wuta. A ajiye tulu cike da ruwa kusa.

5. Ku sayi bargo da rigar yara tun kaka. A shafa musu mai a ƙafa da leɓe, a yi musu wanka da ruwan ɗumi in rana ta ɗaga.

6. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, ko mai zazzaɓi da wuya ya sanƙare, a kai shi likita ranar nan.

7. In bazara ta zo ka ɗauki gatari za ka sassabe, ka tsaya kan kowane kututture ka zaɓi reshen da za ka bari. Shi ne itacen wutarka da dirkar dangarka nan da ƴan shekaru.

Kada ka yi aikin kai kaɗai. Ku kira gayya kamar da. Ku fara da gidan tsohuwar da ba ta da mai yi mata, da gidan wanda ya tafi cin rani ya bar iyali. Da sanyin safiya ake kama fara.

In ka gama karanta wannan, ka karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Ka zauna da tsohon gidanku, ka tambaye shi inda suke yankan gamba da shibci a ƙuruciyarsa, da abin da ke wurin yau. Ka rubuta amsarsa, ka kawo aji mu karanta tare.

Allah ya tsare mu da gobara da ciwo, ya fid da mu ɗari lafiya. Amin.